Masu Awon Damuwa

Kayan aikin wannan sana'a ba su cika jaka ba: takarda mai tambayoyi, biro, da kujeru biyu a inda na waje ba zai ji abin da ake faɗa ba. Mai yin ta wani lokaci nas ce da ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, wani lokaci jami'in lafiya ne na ƙaramin asibiti, wani lokaci kuma matashi ne da masu bincike suka ɗauka suka horar. Aikinsa ya zauna da wanda ciwon damuwa ya kama, ya saurare shi, sannan ya mayar da abin da ya ji zuwa maki. Da wannan makin ake yanke hukunci ko magani ya yi ko bai yi ba. Da shi kuma, bayan ya ratsa hannaye masu yawa a ƙasashe masu nisa, ake rubuta ƙa'idar da jami'in lafiya a Zuru ko Ribah ko Mahuta zai bi ranar da ya miƙa wa wata uwa ƙwayoyin amitiriftilin.

Ƙasar Zuru na da dalilin kula da wannan sana'a fiye da wurare da yawa. Ƙananan hukumomi 4 ne a masarautar, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, kuma shekarun nan ba su zo musu da sauƙi ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a Sakaba, aka kashe fiye da 60. A Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar Maga. In an gama jana'iza, masu jaje sun watse, sai a bar mutane da abin da ke cikin ƙirjinsu: manomin da ya baro gonar ubansa ya dawo gari zaman haya, matar da ta daina zuwa suna da biki, tsohon sojan da ya daina fita majalisa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce a mota, ga kuɗin mota ga na masauki. Saboda irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, domin nas da jami'in lafiya su iya gane ciwon damuwa su kuma yi maganinsa tun daga ƙaramin asibiti. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi kuwa dole ya san awo.

Ma'aunan suna da yawa, amma huɗu ne aka fi cin karo da su. Mafi shahara shi ne na Max Hamilton, likitan Jami'ar Leeds a Ingila, wanda ya fito a 1960: abubuwa 17, ƙarshen makinsa 52, kuma ma'aikacin lafiya ne ke ba da makin bayan ya yi hira da marar lafiya. Na Aaron Beck na Amurka ya biyo baya a 1961 da tambayoyi 21, shi kuma marar lafiyar ne ke cikewa da kansa. A 1979 Stuart Montgomery da Marie Åsberg suka tsamo abubuwa 10 da suka ga sun fi saurin motsawa idan magani ya fara aiki. Sai PHQ-9, wanda ya bazu daga 2001: tambayoyi 9 a kan makonni biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ake fara cewa abin ya kai a kula da shi. Kyauta ne, kuma gajere, shi ya sa ya fi dacewa da asibitin da layi ya kai bakin ƙofa.

Takardar dai kowa zai iya karantawa. Gwanintar tana wajen tambayar.

Ga dattijuwa an kawo ta daga wani ƙauye, ta zauna a gefen kujera, ta ja mayafi. Mai awo ya ce, "Inna, a makonni biyun nan, kina jin ranki a ɓace?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, sai godiya." Sabon shiga zai rubuta 0 ya wuce. Wanda ya daɗe a aikin ya san wannan amsar gaisuwa ce, kuma mutumin kirki ba ya buɗe cikinsa ga baƙo a tambaya ta farko. Sai ya ajiye biro, ya tambayi jikoki, ya tambayi wanda ke ɗebo mata ruwa. A hankali sai ta ce kanta ne ke zafi, jikinta duk ya mutu, tunani ya yi mata yawa, abinci ba ya wucewa. Ba ta ƙirga kwanaki da kalanda, don haka sai ya ɗaura mata lokacin a kan abin da ta sani: daga kasuwar da ta wuce zuwa wadda ta gabace ta, Juma'a biyu ko Lahadi biyu. In surukinta ko mijinta ya fara amsa mata, dole ya san yadda zai roƙe shi ya jira a waje ba tare da ya ci masa fuska ba. Sannan ga tambaya ta tara, wadda ke neman sanin ko mutum ya taɓa jin gara ya mutu, ko ya yi tunanin cutar da kansa. Musulmi da Kirista duk suna jin nauyin amsa ta, mai tambayar ma yana jin nauyin yin ta. Wanda ya tsallake ta don kunya ya bar mafi muhimmancin aikinsa, domin amsar wannan tambaya ita ce ke nuna wanda bai kamata a bari ya koma gida shi kaɗai ba.

A Zuru akwai ƙarin wahala. Hausa ce harshen kasuwa da asibiti, amma tsohuwar da ta tashi da C'Lela, ko da harshen Fakkawa ko Dukkawa ko Kambari, ba lalle ta iya faɗin ciwon zuciyarta da Hausa yadda take jinsa ba. Wasu tambayoyin kuma an yanka su ne a kan rayuwar wasu mutane dabam. Ta bakwai a PHQ-9 tana auna tattara hankali da misalin karanta jarida ko kallon talabijin. Tambayar barci ba ta bambance wanda damuwa ta hana shi runtsawa da wanda ke kwana da kunne a buɗe saboda ƙarar babura. Tambayar rama a ma'aunin Hamilton ba ta san watan Agusta ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabuwar dawa ba ta nuna ba. Mai awo nagari yana lura da duk wannan, amma akwatin da aka ba shi lamba ɗaya kawai yake ɗauka. Aikin kuma ba mai ɗorewa ba ne ga waɗanda bincike ya ɗauka: in kuɗin binciken ya ƙare alawus ya ƙare, gwanintar da aka tara ta watse.

Makin da aka rubuta a irin wannan ɗaki, in gwajin magani ake yi, yana tafiya ne hannun rukuni na biyu na masu sana'ar, wato masu haɗa bincike. Su ba sa ganin marar lafiya. Aikinsu su tattaro duk gwaje-gwajen da aka taɓa yi a kan tambaya ɗaya su fitar da amsa guda. Gene Glass ne ya raɗa wa wannan hanya suna a 1976, kuma aikin da ya fara yi da ita tare da Mary Lee Smith a 1977 a kan maganin zama da tattaunawa ne, inda suka haɗa bincike 375. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, ita ta shimfiɗa wa sana'ar ladubbanta, kuma reshenta na Najeriya yana Kalaba. Aiki ne mai cin ido. A binciko dubban kanun takardu a kwamfuta, mutum biyu su tace su kowa shi kaɗai, su zauna su daidaita inda suka saɓa, sannan su kwashe lambobin kowane gwaji layi-layi. A ƙarshe ana fitar da zane: kowane gwaji ɗan murabba'i ne a kan layinsa, babba in mutanensa na da yawa, ƙarami in kaɗan ne, sai a can ƙasa a zana alamar da ta haɗe su duka. Wannan alamar ta ƙasa ita jaridu ke ɗauka.

Matsalar tana shigowa ne wajen kwashe lambobin. Gwaji ɗaya kan auna mutanensa da ma'auni biyu ko uku, a mako na 4 da na 6 da na 8. Wanne za a ɗauka? Wani gwajin da na Hamilton ya yi aiki, wani da na Beck. Mai sayen hatsi a kasuwa ya san cewa in wannan ya auna da mudu wancan ya auna da tiya, ana iya yin lissafi a daidaita su, muddin dawa ce a duka kwanukan biyu. Masu haɗa bincike ma suna da nasu lissafin: su raba bambancin da aka samu tsakanin rukunin da ya sha magani da wanda ya sha ƙwayar holoƙo, wadda ba magani a cikinta, da yadda makin mutane ya warwatsu, sai a sami lamba wadda za a iya jerawa da ta sauran gwaje-gwaje. A al'adar fannin 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Amma lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa abu ɗaya ake aunawa. A 2017 Eiko Fried ya jera ma'aunan damuwa 7 da aka fi amfani da su, ya ƙirga alamomin ciwo 52 daban-daban a cikinsu, kuma da yawa daga ciki a ma'auni ɗaya tak suka bayyana. Na Beck ya karkata ga zargin kai da yanke ƙauna, na Hamilton ya karkata ga jiki.

Abin da wannan ke haifarwa an gan shi a fili. A 2008 Irving Kirsch da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 35 da kamfanoni suka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka. Suka sami cewa magani ya fi ƙwayar holoƙo da maki 1.8 a ma'aunin Hamilton, alhali hukumar NICE ta Ingila a lokacin tana ganin sai bambanci ya kai maki 3 ne zai zama mai amfani ga marar lafiya. Jaridu suka buga cewa magungunan damuwa ba sa aiki. Bayan shekara 10, a 2018, Andrea Cipriani na Oxford da tawagarsa suka fitar da tasu haɗakar a mujallar Lancet: gwaje-gwaje 522, mutum 116,477, magunguna 21. Su sun ƙirga yawan waɗanda makinsu ya ragu da rabi a wajen mako na 8, suka ce duka 21 ɗin sun fi ƙwayar holoƙo. Jaridu suka buga cewa an kashe gardama, magani na aiki. Wanda ya duba cikin takardun biyu zai ga lambar da aka daidaita kusan ɗaya ce, 0.32 a wurin Kirsch, 0.30 a wurin Cipriani. Inda aka ja layi, da yadda aka faɗi sakamakon, su suka raba kanun labaran.

Ƙirga waɗanda makinsu ya ragu da rabi ma yana da nasa aibin. Wanda ya sauko daga 20 zuwa 10 an rubuta shi cikin waɗanda magani ya karɓa, wanda ya tsaya a 11 an rubuta shi cikin waɗanda bai karɓa ba, alhali in ka zauna da su biyun da wuya ka bambance su.

Aikin da ya fi buɗe mini ido a wannan batu na wasu masu bincike ne a Jami'ar Gothenburg ta Siwidin, Fredrik Hieronymus da Elias Eriksson da abokansu, a 2016. Sun koma kan kwatance 32 tsakanin sababbin magungunan damuwa, dangin fuloksetin, da ƙwayar holoƙo. Da suka yi amfani da jimlar makin Hamilton, 18 daga ciki ba su nuna bambanci ba. Da suka ɗauki abu ɗaya kacal daga cikin 17 ɗin, wato ɓacin ran kansa, 3 ne kawai ba su nuna ba. Mutanen su ne, ƙwayoyin su ne, takardun su ne. Dalilin da suka kawo mai sauƙin ganewa ne: waɗannan magunguna kan kawo tashin zuciya da rikicewar barci da raguwar sha'awa, kuma duk waɗannan Hamilton na ƙirga su a matsayin alamun ciwon, sai illar maganin ta cinye wani ɓangare na amfaninsa a lissafi. Masu suka sun amsa cewa tsayawa kan tambaya ɗaya shi ma zaɓi ne, kuma an yi shi bayan an riga an ga lambobin. Ina ganin duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, kuma ba na ganin ɗayansu ya isa ya sa wanda ke shan magani ya ajiye ba da shawarar likitansa ba.

Wannan ya shafi kantin maganin Zuru kai tsaye. Amitiriftilin tsohon magani ne mai araha, kuma shi ya zo kan gaba wajen ƙarfi a jerin Cipriani. Magani ne mai sa barci, yana kuma buɗe ciki. Ma'aunin Hamilton na da tambayoyi 3 a kan barci kaɗai, masu maki 6 gaba ɗaya, ga na cin abinci da na rama. Ke nan maganin da ke sa barci yana iya tara maki tun kafin ya taɓa baƙin cikin. Ga matar da ta yi wata ba ta runtsa ba, barcin ma alheri ne babba, ban raina shi ba. Amma jami'in lafiya ya cancanci ya san cewa wani ɓangare na wannan matsayi daga ginin ma'aunin ya fito, ya kuma haɗa shi da sanin cewa maganin na busar da baki, yana sa jiri, kuma yana da haɗari ƙwarai in aka sha fiye da ƙima.

Wanda ke ba da makin ma yana sauya sakamako. Pim Cuijpers na Holan da abokansa sun nuna a 2010 cewa a gwaje-gwajen maganin tattaunawa, awon da ma'aikaci ya yi yana nuna sauƙi fiye da wanda marar lafiya ya cika da kansa, da tazarar 0.20. A fannin da duk amfanin magani bai wuce 0.3 ba, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai kuma inda zaɓin ya koma ha'inci. Gwajin da aka sani da lamba 329 ya gwada faroksetin a kan matasa. Ma'aunan biyu da aka ayyana tun farko ba su nuna amfani ba, amma takardar da ta fito a 2001 ta jingina da wasu ma'aunai dabam ta ce maganin na aiki. Sai a 2015 aka sake lissafin a mujallar BMJ, aka nuna babu amfanin kuma akwai illa. Irin wannan ne ya sa yanzu mai haɗa bincike na kirki yake rubuta tsarinsa a rijista, kamar ta PROSPERO da aka buɗe a 2011, ya faɗi ma'aunin da zai ɗauka da makon da zai duba tun kafin ya ga lamba ko ɗaya.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a Amurka da Turai da Japan aka yi su. Mafi kusa da halin da muke ciki shi ne wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan, aka buga a 2019: ƙananan asibitoci 35, mutum 1,178, ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke ba da kulawar. An ayyana warkewa da makin PHQ-9 ƙasa da 6 bayan wata 12. Kashi 76 cikin 100 suka kai ga haka a rukunin sabon tsari, kashi 77 a rukunin da ma'aikatansa suka bi ƙa'idar mhGAP. A zanen mai haɗa bincike wannan gwaji zai zauna ne a kan layin “babu bambanci”. Ga mai tsara lafiya a Birnin Kebbi kuwa labarin da ke ciki shi ne, mutum uku cikin huɗu sun sami sauƙi a hannun ma'aikatan da irinsu ke akwai a kowace ƙaramar hukuma.

Akwai tambayar da duk ma'aunan nan huɗu ba su ba ta haƙƙinta ba, kuma ita iyali ke fara yi: ya koma gona? Ta koma dafa abinci, tana kula da yara, tana fita gaisuwa? A 2020 Astrid Chevance ta Faransa da abokan aikinta suka tambayi mutum 3,003 daga ƙasashe 52, marasa lafiya da masu jinyarsu da ma'aikata, abin da suke so magani ya yi musu. Amsoshin sun kasu gida 80, kuma wasu daga ciki a kan komawa aiki da zama da mutane da dogaro da kai suke. Tun kafin nan Paul Bolton ya gwada hanyar da nake ganin ta fi dacewa da ƙasar Zuru. A ƙauyuka 30 na kudancin Yuganda, tawagarsa ta fara tambayar mutanen wurin ayyukan da namiji da mace ke yi wa kansu da iyalinsu da garinsu, ta mayar da wannan jerin ya zama ma'auni, sannan ta gwada zaman tattaunawa na rukuni. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2003. In da za a yi haka a nan, jerin zai ƙunshi noman dawa, da fita aikin gayya, da zuwa masallaci ko coci, da halartar bikin Uhola, kuma na mutumin Dabai ba lalle ya zo ɗaya da na makiyayi ba.

Hatsarin ma'aunin gida shi ne mai haɗa bincike a Oxford ba zai san inda zai sa shi ba, sai ya ajiye gwajin gefe, mu ci gaba da shan maganin da aka auna a jikin wasu. Dixon Chibanda ya kauce wa wannan a Harare. Gwajinsa na bencin abota, inda ma'aikatan unguwa, galibinsu dattawan mata, ke zama da masu damuwa a harabar asibiti, ya fito a 2016 da mutum 573. Babban ma'auninsa tambayoyi 14 ne da aka gina daga yadda masu jin harshen Shona ke bayyana ciwon, amma ya auna kowa da PHQ-9 ma, sai sakamakon ya sami shiga lissafin duniya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma buɗe hanyar kai wannan kulawa ƙananan asibitoci. Ranar da wani mai bincike daga Kware ko Birnin Kebbi zai kawo gwaji ƙasar Zuru, abin da zan roƙa shi ne ya zo da takardu biyu, ta duniya da wadda mutanen nan suka taimaka aka rubuta, ya ayyana babbar tun kafin a fara, ya kuma ɗauki masu awon daga cikin 'ya'yan ƙasar da ke jin C'Lela da Hausa, a kan albashin da zai riƙe su bayan gwajin ya ƙare.